Rasuwar Baba Mai Sanda, Mai Jin Ruwa a Ƙarƙashin Ƙasa

Cikin alhini, da kuma kunyar da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Masu Gyaran Bututun Ruwa ta samu labarin rasuwar dattijonmu kuma ubanmu a sana'a, wanda kowa ya sani da Baba Mai Sanda, ranar Talata bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya yi shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, alhali ko sunansa bai iya rubutawa ba. Kayan aikinsa sandar ƙarfe ce guda ɗaya. Yakan kafa ta a kan kwalta, ya kara kunnensa a ɗaya bakin, ya rufe ido, sannan ya buga diddige ya ce a haƙa nan, kuma ba mu taɓa haƙa ramin banza a kan maganarsa ba. Tsofaffin bututan da taswirarsu ta ɓace tun kafin a haifi yawancinmu, duk a kansa suke.

Wajibi ne mu faɗi laifinmu. Shekara shida da suka wuce ya nemi a sa shi cikin masu horar da sabbin ma'aikata, sai muka miƙa masa takardar jarrabawa da biro. Ya zauna awa biyu a kujerar baya ta ɗakin taronmu, ya mayar mana da ita fara fat, ya yi mana sallama. Muka rubuta cewa ba shi da basirar koyarwa, kuma mai wannan sanarwa na cikin waɗanda suka sa hannu. A wautarmu, mun ɗauka kaifin ƙwaƙwalwa sai ta bakin alƙalami yake fita. Daga yau ƙungiya ta soke wannan sharaɗi na rubuta jarrabawa.

A madadin Mai Girma Shugaba da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa, 'ya'yansa da jikokinsa, tare da neman gafararsu. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Mako uku ke nan layin bayan asibiti babu ruwa, mun haƙa rami bakwai ba mu dace ba. Jiya iyalansa suka aiko mana da sandar. Kowannenmu ya kara kunne, babu wanda ya ji komai.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Masu Gyaran Bututun Ruwa