Layar Zuciyar Panehsi

Zuwa ga matata Tabes,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da kowa na gidanku. Kullum ina roƙon Ptah, abin bautarmu, ya tsare min ke.

Bayan haka, Panehsi ya mutu, shugaban masu haƙar dutsen nan da ya bar ɗanmu Huya a daji ba ruwa saboda ƙafarsa ta kumbura tana jinkirta ayari. A kan gadonsa ya cika, ana yi masa fifita.

Jiya babbanmu a masassaƙa ya dire koren dutse a gabana, ya ce, "Buzuzu za ka sassaƙa, na ɗora wa gawar Panehsi a ƙirji. Hannunka iyalinsa suke so." Kin san abin da ake rubutawa a cikin irin wannan laya: ya zuciyata, kada ki ba da shaida a kaina ranar awon zukata a lahira. Na ce ba ni da lafiya. Ya ce, "Ka warke kafin gobe."

Na san kalmar da in na tsallake ta, zuciyar mutumin nan za ta faɗi komai. Ina ta kallon dutsen.

Mijinki,
Nahtmin

Zuwa ga Tabes,

Ina gaishe ki. Yaya ciwon idon Inna?

Na gama, kuma ban tsallake komai ba. Malamin gawa ya zauna kusa da ni yana bin kowace kalma da yatsa, kuma kin ga yadda aka yanke hancin wanda ya ɓata kayan kabari bara. Na ji tsoro. Abin takaicin, ban taɓa aiki mai kyansa ba. Fukafukan nan sai ka ce zai tashi.

Huya ko tabarma ba mu sani ba ko an naɗe shi da ita. Panehsi kuwa zai tsaya gaban Osiris, alƙalin matattu, da zuciya shiru, kuma ni na rufe mata baki.

Matarsa ta zo karɓa da kanta. Ta yi kuka, ta ba ni tulun giya da agwagwa, ta ce, "Hannun nan bai kamata ya tafi a banza ba. Kana da ɗan da za ka koya wa?"

Na ce mata ba ni da shi. Ta ce Ptah ya kawo.

Ki yi zamanki wurin Inna tukuna. Ba zan iya haɗa ido da ke ba yanzu.

Mijinki,
Nahtmin