Wankin da Na Soke

Litinin, 6 ga Janairu

An hana fitar da kayana yau. Tan biyu na garin sinadarin asitanilaid, an ɗure a buhu, mota ta zo daga Vapi ta koma ba komai. Dharmishtha ta ƙi sa hannu.

Wata uku ke nan da ɗaukarta a ɗakin gwaji. Da malama ce a wata kwaleji a Bharuch, tana koya wa ɗalibai haɗa giram goma a kwalba. Ni shekara ashirin da uku ina gaban tukunyar haɗa sinadarai a masana'antar nan ta Ankleshwar. Ta ɗibi garin a siririn bututun gilashi ta ɗumama. Ya narke a digiri 109. Mai tsabta sai 114.

"Hasmukhbhai, akwai sauran gubar anilin a ciki."

Na ce, "To Malama, sai ki ba ni sifili."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Ban da ita.

Talata, 7 ga Janairu

Ta gano. Wata takwas da suka wuce na soke wanki na biyu. Sau ɗaya ake wanke garin, a tsane, a kai wajen busarwa. Awa uku muke ragewa a kowace tukunya. Manaja ya yaba mini a gaban kowa a lokacin, wanda ta gada kuwa sa hannu kawai yake yi.

Wai ko ɗalibin shekarar farko ya san sau biyu ake wankewa da ruwan sanyi. Wai maganin sulfa ake yi da shi, mutane za su sha. Na ce masu saye ba su taɓa dawo da buhu ɗaya ba, kuma rabinsa rini ake yi, zani ba ya ciwon ciki. Na tambaye ta ɗalibanta nawa suka taɓa cika mota.

Laraba, 8 ga Janairu

Ba mu gaisa ba. Gara haka.

Alhamis, 9 ga Janairu

Niranjan, mutumin jihar Odisha da ke kwashe ɗanyen gari daga injin tsanewa, ya zo yana dafe da kai, leɓensa ya yi shuɗi. Na sa aka ba shi mazarƙwaila da madara. Abin da aka ba ni ke nan ina sabon shiga, kuma ga ni.

Sai ga Dharmishtha. Ta kama hannunsa ta dubi farcen.

"Tun yaushe?"

"Sanyi ne, Malama. Mu mutanen bakin teku ne."

Ta ga kofin. "Mazarƙwaila? Biki ake yi, Hasmukhbhai?"

A gaban mutanena. Ta shiga yi mini karatu: anilin ta fata yake shiga, ya hana jini ɗaukar iska. Na karanta wannan tun ba a yaye ta ba. Ta tare a-daidaita ta tafi da shi asibiti, ba ta nemi izinin kowa ba. Tukunya ta uku ta tsaya har la'asar.

Juma'a, 10 ga Janairu

Manaja ya kira mu. Yau bai san an soke wani wanki ba. Har da zare ido: "Wa ya ba da wannan umarni?"

Ta ce tsarin aiki ne, ba mutum ba. Ba ta ambaci sunana ba. Da ta ambata da ya fi mini sauƙi. Ban roƙe ta alfarma ba.

Ya ce idan ta tabbata ciwon Niranjan daga garin ne, wani zai ajiye aiki. Ni ya kalla.

Asabar, 11 ga Janairu

Na je asibiti. Dama hanyata ce.

Jinin da aka ɗiba ranar Alhamis, in ji likita, kalar ganyen shayi ne. An yi wa Niranjan allura, leɓen ya fara dawowa. Matarsa Sabitri ba ta amsa gaisuwata ba.

Shi kuwa sai wasa. "Maigida, shekara ashirin matar nan tana roƙon Krishna, abin bautarmu mai shuɗin jiki. Ga shi an kawo mata shuɗin mutum har gado, tana kuka."

Ta ce, "Rufe mini baki."

Likita ya tambaye ni mutum nawa ke taɓa ɗanyen garin da hannu. Na ce sai na duba. Na san adadin.

Litinin, 13 ga Janairu

Gobe bikin filfilo, ba aiki. Na ce a mayar da wanki na biyu daga jibi. Injin busarwa ne ke toshewa, shi ne dalili, haka na faɗa wa manaja.

Na rubuta sunaye huɗu na masu taɓa ɗanyen garin a takarda na ajiye wa Dharmishtha a tebur. Ta karanta, ta ɗago.

"Biyar ne. Kai ma kana dulmiya hannu ka ji laimarsa, na gan ka."

Na ce ta kula da bututunta.

Da rana an ɗibi jinin mutum biyar. Sakamako sai Alhamis.