Yau iska ba ta kaɗa shanyata ba

Asabar, bayan sallar Isha'i.

Tun da ɗana Nura ya fara wasan nan na hawa katako mai ƙyalle a kan ruwa, iska tana tura shi, na daina ganinsa ran Asabar. Babansa yana Kano, ni kaɗai ce a gidan nan na Dengfeng, a ƙasar Sin.

Sai na koyi duba shanyata ta taga. In zanina yana kaɗawa, na san ya tafi ruwa. Yau da safe ko motsi bai yi ba. Wallahi har rawa na taka a kicin! Na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da 'yar daddawar da nake ta ɓoyo.

Azahar ta wuce shiru, na kira shi. Wai, "Umma, ai a gari babu iska, shi ya sa muka taho bakin teku. A nan ne take da ƙarfi, nan ake ƙwarewa. Sai gobe."

Ashe in ta kwanta, nisa yake ƙarawa. Ni kuwa sati guda ina roƙon Allah ya kwantar da ita.

Na ci malmala ɗaya, na rufe masa tasa. Daga gobe iska zan roƙa.