Autan da Ke Cikin Waya

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar nan taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Albishirinki, ƙaninki ya dawo gida gaba ɗaya. Kwantar da hankalinki, ba korarsa aka yi ba. Kin san shekara da shekaru injinan ajiyar bayanan kamfaninsu ne suka ɗaure shi a can, yana gadinsu kamar mai jinya. To, an kwashe komai an mayar intanet, wai gajimare suke ce masa. Yanzu da waya da 'yar kwamfutarsa yake aiki daga ko'ina. Na share masa ɗakin tarkace ya kafa tebur. Ki zo ki ga ikon Allah: sama riga a goge, ƙasa wandon barci, a haka ake taro da manya.

Sai dai akwai abin da ke ci mini rai. Mantuwar Baba ta ƙaru. Ranar da ƙaninki ya iso ya durƙusa gabansa, Baba ya amsa cikin mutunci, ya ce in kawo wa baƙo ruwa. Kullum da yamma kuma sai ya sa na jingina masa waya a jikin kofi, yana jiran Auta ya kira shi ta bidiyo kamar yadda suka saba. Ga Autan a bayan bango, wayar kuwa shiru. Jiya Baba ya tambaye ni ko wani laifi ya yi wa yaron nan da ya daina nemansa.

Ƙaninki ya ji da kunnensa. Ya fara zancen komawa, wai daga nesa dai yana da uba. Wallahi tausayinsu duka biyun ya hana ni sukuni. Ki taya mu da addu'a.

Taki kullum,
Matar Auta

Yayata,

Ina sake gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso, Allah Ya bar zumunci.

Zauna ki sha labari. Ranar nan sabis ya ƙi kamawa a ɗakin ƙaninki, ga taro ya fara, sai ya kinkimo kwamfuta ya dawo baranda kusa da kujerar Baba. Kin san Baba da leƙe-leƙe. Yana leƙawa ya ga fuskar ɗansa a wani ɗan akwati a gefen allon. Nan take ya kira shi Auta, ya hau shi da faɗa, wai ya rame, wai ya manta da tsohonsa. Duk manyan kamfani suna ji. Shugabarsu, Allah Ya yi mata albarka, ta ce a ɗaga taron, wannan ya fi.

Tun ranar, da yamma ta yi sai ƙaninki ya shiga ɗakinsa ya kira Baba, su yi ta hira, ni kuwa ina tsakiya ina jin muryarsa ta wuri biyu.

Jiya bai zauna a ɗakin ba. Ya fito da wayar a hannu, bai daina magana ba, yana takowa a hankali har ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba. Baba ya dubi waya, ya dube shi, ya sake duban waya. Sannan ya kife ta da hannunsa, ya dafa kan ƙaninki, ya ce ashe ya iso, don me ba a faɗa masa ba. Na gudu kicin na yi kukana son raina.

Da safe ya sake mantawa, ba zan ɓoye miki ba. Amma ƙaninki bai ƙara zancen komawa ba. Shi da kansa ya sa wayar Baba a caji, yana jiran yamma.

Ki gaida yara, ki kuma yi ƙoƙari ki zo.

Ƙanwarki,
Matar Auta