Na Canja wa Mama Wutsiyar Harafi

Anti Smaranda, don Allah ki taimake ni, kuma kar ki sa sunana. Ba na iya magana a gaban mutane, shi ya sa na rubuto.

Shekarata goma sha uku. Mamata ce ke karɓar marasa lafiya a ɗan asibitin garinmu, wajen Likita Zamfir. Ita ke shigar da sunaye a kwamfuta, ta tura wa inshora takardu. Tun ina aji huɗu, in an tashi makaranta can nake wucewa. In firinta ta cije takarda ni ce, in allo ya daskare ni ce. Mama takan gaya wa masu jira wai shiru-shirun nan tata ta fi injiniya. Sai in sunkuyar da kai, amma daɗi nake ji.

Bara aka kawo wata manhaja, tare da lambar wayar wata Ruxandra mai gyara daga birnin Cluj. Ba ta taɓa zuwa ba. Daga can take shiga kwamfutar, ki ga kibiya tana yawo ita kaɗai. Yanzu komai Ruxandra. Mama na ce mata 'yata, tana yi mata dariyar da ba ta yi a gida. Rannan na kai hannu ga linzamin kwamfutar, ta ce in bari, ba wasan yara ba ne. Har zakuska, miyar da muke shafa wa burodi, ta aika mata kwalba guda, alhali ni na gasa yalon, ni na ɓare tattasan.

Kin san harafin ș iri biyu ne a kwamfuta, tsoho mai wutsiya a manne da sabo mai waƙafi a ƙasa. Ido ba ya rabewa, amma manhajar tsohon kaɗai ta sani. Da Mama ta fita wanke kofi, na sauya tsarin kibod ɗinta zuwa sabon. Nufina Ruxandra ta kasa, Mama ta juyo gare ni, in gyara da dannawa biyu.

Duk mai harafin a sunansa, in Mama ta nema a manhajar, ya ɓace. In Ruxandra ta rubuta daga can sai sunan ya fito, har ta tsokani Mama wai ko tabarau za ta sake. Na zauna a kusurwa ina jira. Ko kallona Mama ba ta yi ba. Da layi ya yi tsawo ta riƙa buɗe wa mutane sabon fayil.

Jiya Kaka Paraschiva Mureșan ta zo. A tsohon fayil ɗinta an rubuta cewa jikinta ba ya karɓar wani magani, sabon kuwa babu komai. Likita ta kusa rubuta mata shi. Tsohuwar ce ta buga sanda ta ce wato so ake a binne ta kafin a tsinke inabi. Likita ta gaya wa Mama a gaban kowa, in aka sake, ta nemi wani aikin. Mama ba ta ci abinci ba.

In mayar da kibod ɗin a ɓoye? In na yi haka Ruxandra za a yaba. Ina jin kunya, amma har yanzu wannan ma yana cina.

Mai Zama a Kusurwa

*

'Yata,

Na gaskata ciwonki. An karɓe miki gurin da kike haskawa, aka kuma kira shi wasan yara. Mamarki ta yi kuskure a nan, ko da yake kare sirrin marasa lafiya take yi. Ruxandra kuwa aikinta take, kuma wataƙila mata ashirin ne ke ce mata 'yata kafin rana ta raba. Ba ta san ana takara da ita ba.

Amma kar ki gyara a ɓoye. Kibod zai dawo daidai, fayilolin da ba komai a ciki kuwa suna nan, kuma mai zuwa gaba ba lallai ya kasance da bakin Kaka Paraschiva ba. Ke kaɗai kika san ranar da abin ya fara, kuma da ranar nan za a zaƙulo su duka.

Ki gaya wa Mama kafin a buɗe asibiti gobe. In baki ya ƙi, rubutunki ba ya ƙi: miƙa mata a takarda. Ku kira Ruxandra, ki faɗi ranar da abin da kika taɓa, ta haɗe kowane sabon fayil da tsohonsa. Likita ma dole ta ji, don laifin ya sauka daga kan Mama.

Ga saƙo ga Mama da duk mai irin teburinta: a nemi mutum da lambar katinsa kafin a buɗe masa sabon fayil, a kulle allo ko kofi za a je wankewa, kuma in mai gyara ta ce ita a wajenta lafiya lau, a tambayi abin da ya bambanta injinan biyu.

Za a yi miki faɗa, ƙila a hana ki zuwa na wani lokaci. Ki ɗauka. In ƙura ta lafa, ki gaya mata abu na biyu, wanda ya fi wuya: cewa kina kewar ta kira ki. Ina zaton ba ta sani ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya gobe da safe.

Anti Smaranda