Ƙwarin Rijiyarka Sun Ɓace

Malam, salamu alaikum.

Na san ba za ka karanta ba. Ko da kana raye ma rubutuna na yaƙi da jahilci dariya yake ba ka. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Soja sun koma bariki, farar hula sun hau. Sabon kansila ya ce za a jawo mana famfo Gyadi-Gyadi, har yau ko bututu ban gani ba. Ba wannan ya zaunar da ni ba. Rijiyarka ce.

Ka tuna 'yan ƙwarin nan da ke fitowa a guga? Ƙanana kamar ƙwayar gero, ruwan ƙasa da ɗigon baƙi. Ba su iya iyo ba, tafiya suke cikin ruwa, su maƙale a gansakuka suna ci, can su taso su ɗebi iska ta gindi su koma. Kullum da safe sai ka leƙa gugan farko, ka kwashe su da ludayi ka mayar. Ka ce muddin suna motsi, ruwan lafiya yake. Ni kuwa in ka juya baya da farce nake murƙushe su. Ban taɓa gaya maka ba.

Ga wanda ya fi. Maƙwabcinmu Alhaji Sale ya ƙara ɗakunan haya, ya nemi haƙa masai a jikin katangarmu, dab da rijiyar, inda ka hana shi sau biyu. Na ce ya haƙa. Nauyinsa na ji, shi ya tsaya kan jana'izarka.

Tun faɗuwar damina ban ga ƙwaro ko ɗaya ba. Jiya da hantsi na je kududdufin Tarauni na kamo biyar, na zuba su a kwano da ruwan rijiyarmu. Kafin la'asar duk sun kife.

Malam, ruwan nan nake ba Ummi, 'yar Habibunmu da aka haifa bayanka. Kwana biyu tana amai da gudawa, idonta ya faɗa. Tana asibiti da uwarta. A gidanmu ba wanda ya san zancen masan nan sai ni. In ta biyo ka, da wane bakin zan yi wa Habibu bayani?

Gobe zan sa a rufe rijiyar da ka haƙa da hannunka, in wuce asibiti in faɗa wa likita da su Habibu. Ka yafe min.

Ba ka santa ba, amma tana da wushirya irin taka. In ka ganta tafe, ka koro min ita gida.

Allah Ya haskaka kabarinka.

Matarka,
Hajo