Azumin Basyuni

Daga Iskandariyya

Zuwa ga Basyuni mijin ƙanwata, Abu Sabir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Hajja mahaifiyarka da ɗanka Sabir. Mu nan lafiya, sai gajiya, ita kuwa ba ta rabuwa da mai sauke kaya a tashar jiragen ruwa.

Ni'imat ta iso ranar Juma'a da 'yar autarku a kafaɗa da ƙullin kaya, ba sanarwa. Na tambaye ta abin da ya faru, ta ce, "Ka tambayi Shehu." Na ce wane Shehu? Ta ce, "Au, labari bai zo muku ba? Ai mijina ya zama waliyyi." Daga nan ta kama wanke-wanken da ba wanda ya sa ta.

Ka san gidana, ɗaki biyu ne da yara biyar. Yanzu a baranda nake kwana tare da tattabarun maƙwabci. Ban ce ta dame ni ba, ƙanwata ce. Amma macen da ba ta taɓa yaji ba tun da aka kai ta, ba za ta shiga jirgin ƙasa haka kawai ba. Ka zo ka ɗauki matarka, ko ka rubuto abin da ka yi mata.

Wassalam,
Yayanka Mitwalli


Daga Kafar Nawwar

Zuwa ga Yaya Mitwalli mai daraja,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da iyali, wasiƙarka ta same ni. Allah ne shaida ban taɓa ɗaga wa Ummu Sabir hannu ba, ban rage ta da ci ko sutura ba. Abin da ya faru shi ne zuciyata ta karkata ga ibada. Ina azumin Litinin da Alhamis da abin da ya sawwaƙa a tsakani, ina kuma kwana a masallaci. Ba kowace mace ke iya haƙuri da wannan ba. Ta huta a wurinka har zuciyarta ta sauka. Yanzu dashen shinkafa ake yi, ba halin barin gona.

Allah ya saka maka da alheri.
Ƙaninka Basyuni


Abu Sabir,

Gaisuwa a taƙaice, don na gaji.

Ni za ka yi wa wa'azi? Tare fa muka yi aikin soja. Da bokitin ruwa nake tashinka sallar asuba, kana zagina har ka idar da alwala.

Jiya Ni'imat ta buɗe cikinta ga matata, bangon gidan nan kuwa ba ya riƙe magana. Ta ce tun tsinkar audugar bara ba ka kusance ta ba. Ta sayi turare, ta ƙunsa lalle, ta ɗinka sabuwar riga, ka dube ta ka ɗauki darduma ka fita. Har maƙwabciya ta sa ta shinshina mata baki ko wari take yi. Ƙanwata fa, Basyuni. Da ta kai kuka wurin Hajja, sai ta ce mata, "Ke ko kunya ba ki ji? Allah ya ba ki mijin da ake kawo wa jarirai ya tofa musu addu'a, ke kuma kina kishi da masallaci?" Tun daga ranar, in ta je gashin burodi mata sai su ja gefe su bar ta. Ɗaya ta ce da ita, "Ki bar bawan Allah ya samu lahirarsa mana, ke ba ki ƙoshi ba ne?"

Yau da safe ta kawo mini shayi ta ce, "Yaya, ka karɓo mini takardata. Ba alƙalin da zan gaya wa mijina ya cika sallah, kuma ba zan iya komawa ba."

In wata ka gani, ka faɗa. In ɗaure ka aka yi da asiri, ka faɗa. In ka sake aiko mini da huɗuba, da kaina zan zo karɓar takardar.

Mitwalli


Yaya,

Salamu alaikum. Ka karanta wannan kai kaɗai.

Ba wata mace, ba kuma wanda ya ɗaure ni. Ciwo ne. Duk sanda na kusanci iyalina, daidai fitar maniyyi, sai marata ta ƙulle kamar an soka mini lauje an murɗa. Yakan hau har cibiya, in wuni a dunƙule. Da farko na ce sanyi ne, na sha tafasasshen ganye. Sai na fara ganin jini a ciki. Ka tuna yadda babana ya tafi, yana fitsarin jini har ya zama ƙashi da fata. Na ce tawa ta zo. Na kuma ji tsoron kada in zuba mata wani abu a jiki.

Za ka ce me ya hana ni asibitin ƙauye. Mai ba da kati a can ɗan ƙanwar Hajja ne. Abin da ka faɗa wa likita da safe, kafin azahar ana tattauna shi a shagon gahawa.

Wata rana Ummu Sabir ta ɗora hannu a kafaɗata, sai na ce zan je masallaci. Shi ke nan fa. Liman ya same ni can sau biyu, sau uku, ranar Juma'a ya ambaci sunana a kan mumbari. Azumin kuwa na fara shi ne don na ji yana kashe sha'awa. Yanzu dattawan da suka yi goyona suna sumbatar hannuna. Wata tsohuwa ta kawo jikanta mai zazzaɓi, na tofa masa don kunya, yaron kuma ya warke. Ka gaya mini ta ina zan fita.

Na gaji, Yaya. Yunwa nake ji, bayana ya ƙage da tabarmar masallaci, ina kewar matata, kuma ina tsoron Allah a kan sallar da ni da Shi muka san dalilinta. Kada ka gaya mata. Gara ta ce na yi nisa a ibada da ta ce na tashi daga namiji.

Ka yafe mini wahalar da na ɗora maka.
Basyuni


Zuwa ga Ummu Sabir,

Assalamu alaiki. Ina fatan kina lafiya, ke da yarinya. Sabir yana tambayarki kullum, Hajja ba ta iya miyar lalo yadda yake so.

Na zo Iskandariyya makon jiya. Na tsaya a bakin layinku, na hango ki kina shanya a baranda, na juya ban hau ba. Yaya ne ya aiko in zo, ya ja ni wurin wani likita. A hanyar tasha ya ce, "Na kai ka asibiti, na biya maka shayi, amma bakina ba zai faɗa wa ƙanwata wannan magana ba. Matarka ce, ka rubuta mata." Ga takardar da na aika masa nan a ciki, ya mayar mini don ki karanta da idonki. Duk abin da ke ciki gaskiya ne.

Likitan ya auna ni, ya ce, "Tsargiya ce. Tsutsar rafi ta zuba ƙwai a inda maniyyi ke taruwa. Rabin manoman yankinku suna yawo da ita."

Na ce, "Ba irin na babana ba ne?"

Ya ce, "Bai kai can ba. Da ka ƙara daɗewa kana waliyyi, da ban sani ba." Ashe Yaya ya riga ya ba shi labari.

Ya ce ba a ɗauka daga miji. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce zafin zai ragu a hankali, mai yiwuwa kuma ba zai tafi duka ba. Ya ce in daina shiga ruwan rafi. Na yi dariya, na ce shinkafa ba ta dasa kanta.

Ba ki da laifin komai, ba ki taɓa yin wari ba. Ki dawo, don Allah. A gida sai mu san yadda za mu yi, ba sai kowa ya ji ba.

Mijinki Basyuni


Abu Sabir,

Wa alaikas salam. Na karanta duka biyun. Allah ya ba ka lafiya, da zuciya ɗaya na faɗa.

Da ka gaya mini tun farko, da ruwan zafi zan dafa in gasa maka marar, mu kwana kamar wa da ƙanwa har sanda Allah ya so. Ban auri wannan kaɗai ba. Amma ka bar ni ina shinshina kaina, ka bar gari yana nuna ni da baki, kai ana sumbatar hannunka. Yanzu kuma in dawo ba sai kowa ya ji ba, kai kana Shehu, ni ina wadda ba ta ƙoshi.

Ban ce ka faɗa wa kowa ciwonka ba, wannan tsakaninmu ne. Ranar Litinin da tsakar rana ka zauna a ƙofar shagon gahawa, ka sa a kawo maka wake da albasa da burodi, ka ci kowa yana kallo. Wanda ya kawo maka jariri ka nuna masa hanyar asibiti.

In labarin ya iso ni, zan shiga jirgi. In bai iso ba, ka aiko mini da keken ɗinkina.

Ka gaishe da Hajja, ka sumbaci Sabir.
Ni'imat